Babi na Bakwai: Dankalin Turawa a Kaskon Suya

Akwai wani takaici da kusan kowane gida a Samaru da Sabon Gari ya sani. A sayo dankalin turawa mai kyau, a fere, a yayyanka shi dogo-dogo, a zuba a mai har ya yi ja, a kwashe ana murna. Kafin faranti ya isa falo ya riga ya langaɓe, ya sha mai, ana ɗaga sanda ɗaya tana lanƙwashewa. Daga nan sai a shiga neman mai laifi. Uwargida ta ce man ne gauraye, maigida ya ce wuta aka cika. Yara kuwa, waɗanda suka ɗanɗana na gidajen abincin da ke bakin titin Sakkwato, sun riga sun yanke nasu hukuncin: wai akwai wata hoda da masu sayarwa ke barbaɗawa suna ɓoye wa mutane. Sirrin ba a hoda yake ba. Ruwa ne wasu suka iya kora daga jikin dankalin, wasu ba su iya ba.

Kusan kashi 80 cikin 100 na nauyin ɗanyen dankali ruwa ne, abin da ya saura kuma mafi yawansa sitaci ne. Kumfar nan da ke tasowa da ƙara idan an jefa shi a kasko, ba man ne ke tafasa ba. Ruwan cikin dankalin ne ke ficewa ya zama tururi. Suya ke nan: busarwa cikin gaggawa. Bayan dankalin ba zai yi ƙaras-ƙaras ba sai sitacinsa ya dahu tukuna, sannan ya bushe ƙamas. Duk wanda ya taɓa kankare gindin tukunyar tuwo ya san yadda abin yake, domin tuwo da ƙanzo gari ɗaya ne, wuta ɗaya suka sha, sai dai wannan ya riƙe ruwansa, wancan ya rasa. To abin da ake nema a sandar dankali ke nan, ƙanzo daga waje, tuwo daga ciki. Wahalar ita ce ruwan ciki ba ya zama wuri ɗaya. Ana tsame dankalin daga mai zai fara tasowa yana jiƙa ɓawon, idan kuwa ɓawon siriri ne, minti biyu sun isa ya saki. Duk dabarun da za su biyo baya, daga kasuwa har zuwa faranti, manufarsu ɗaya: a rage ruwan tun kafin ya ga mai, a kuma yi masa ɓawo mai kaurin da zai jure.

Tun a gaban mai kashi ake cin nasara ko a faɗi. Dankalin da ake jibgewa a kasuwar Sabon Gari ya yi doguwar tafiya kafin ya zama namu. Asalinsa tsaunukan Andes ne a Kudancin Amurka, yankin ƙasashen Peru da Bolibiya na yau, Sifaniyawa suka kai shi Turai a ƙarni na 16. Ƙasar nan kuwa ta hannun 'yan mishan da Turawan haƙar kuza ya shigo, ya sami wurin zama a tsaunin Jos, saboda shuka ce mai son sanyin dare. Idan dare ya yi ɗumi sai ta yi ta ganye ta ƙi zuba 'ya'ya a ƙasa. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatin mulkin mallaka ta matsa a noma shi don ciyar da sojoji, daga nan ya yaɗu a hannun manoman Filato. Har yau Bokkos da Mangu da Barikin Ladi su ne ke ciyar da mafi yawan kasuwannin ƙasar. Zariya da Jos kuwa tsofaffin abokan ciniki ne: wani ƙaramin layin dogo ya taɓa haɗa su, an kammala shi a 1914 don jigilar kuza, aka rufe a 1957. Yanzu motoci ne ke gangarowa da buhunan ta Saminaka da Pambeguwa. Idan hunturu ya shigo, manoman rani na fadamun da ke kewaye da Zariya su ma sukan noma nasu.

Ga inda mai koyon girki a waya ke faɗawa rami. Dankalin turawa iri-iri ne, amma mai suya gida biyu ya raba shi. Akwai mai gari, wanda idan an dafa yake wargajewa. Akwai mai danƙo, wanda ke fitowa daga tukunya yana nan yadda aka yanka shi. Na farkon shi ke da ƙarancin ruwa da yawan sitaci, shi ne kuma ake soyawa a ƙasashen da suka yi suna a wannan harka: Russet Burbank a Amurka, Bintje a Beljiyam da Holan. Mu kuwa irin da suka fi yawa a gonakin Filato, irin su Nicola da Marabel masu rawayan ciki, sun fi karkata ga danƙo. Nicola ma a Jamus, inda aka samar da ita, dankalin dafawa da kwaɗo ce, ba ta suya ba. Diamant ta fi su gari, amma mai kashi ba da suna yake sayarwa ba, sau da yawa ma buhu ɗaya ya haɗa iri biyu ko uku. Saboda haka idan wani Ba'amurke ya ce minti kaza a wuta kaza, ba ƙarya ya yi ba, sai dai dankalinsa daban, namu daban. Namu sai an taimaka masa.

Abu na farko, a yi hattara da kirarin da 'yan kasuwa suka fi so. "Hajiya, sabon haƙa ne, jiya-jiya aka sauke shi." Gaskiya suka faɗa, ga mai fate ko miya kuma albishir ne. Ga mai suya kuwa ba haka ba. Dankalin da aka haƙe bai gama ƙosawa ba ya fi ruwa, ya fi zaƙi, sitacinsa bai cika ba. Gane shi ba wuya: a murza bayansa da babban yatsa, idan fatar ta saɓule, na dafawa ne. Wanda ake so shi ne wanda fatarsa ta kama jikinsa, ya yi tauri a hannu, manya masu tsawo, don a sami sanduna masu kai ɗaya. Wanda ya yamutse ko ya fara tsiro, ya daɗe ya fara cinye sitacinsa. Wanda kuma ya yi kore, rana ce ta doke shi, a irin wannan wuri yakan tara wani dafi mai ɗaci da ake kira solanin, wanda suya ba ta kashewa. Idan koren kaɗan ne a yanke a zubar da nama mai kauri, idan ya yi yawa a bar wa mai shi kayansa.

Wanda ya sayi kwando guda yana so ya ware na suya, akwai gwajin da masana'antu ke yi da na'ura, mu kuma roba ta ishe mu. A narka gishiri kimanin giram 120 a lita ɗaya ta ruwa, a riƙa jefa dankalin da aka wanke ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya nutse ya fi sitaci, shi ne na kasko. Wanda ya taso sama ruwa ya yi masa yawa, a tura shi tukunyar miya. Ba na cewa a yi haka kullum, amma wanda ya gwada ko sau ɗaya zai daina zargin hannunsa a kan laifin da ba nasa ba.

Sai batun zaƙi, wanda shi ne maƙiyi na biyu bayan ruwa. Jan da soyayyen abu ke yi yana fitowa ne daga haɗuwar sukari da sinadaran gina jiki a kan zafi. Wani masani Bafaranshe, Louis-Camille Maillard, shi ya fara bayyana wannan a 1912. Idan sukari ya yi yawa a dankali, sai ya yi ja tun ruwansa bai fita ba. Mai suya ta ga launi ya yi, ta kwashe, alhali aikin ko rabi bai kai ba. Wannan shi ne dalilin da ya sa ba a ajiye ɗanyen dankali a firiji: sanyi mai yawa yana juya sitacinsa ya koma sukari. Wurinsa ɗaki mai duhu, mai shan iska, a baje shi ko a bar shi a kwando, ba a leda ba. Akwai kuma dalilin lafiya. A 2002 masu bincike a ƙasar Suwidin suka gano cewa abinci mai sitaci, idan ya sha zafi har ya yi duhu, yana haifar da wani sinadari mai suna akrilamaid, wanda hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sa a jerin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo cutar. Ba abin tayar da hankali ba ne a kan faranti ɗaya, amma ya isa ya sa a tsaya a ruwan zinariya, kada a jira sai ya koma ruwan ƙasa.

Yanka ba ya buƙatar dogon bayani. Kauri kamar santimita ɗaya ko ƙasa da haka kaɗan, kuma abin da ya fi kaurin muhimmanci shi ne su zo daidai da juna. Idan an haɗa sirara da masu kauri, kafin waɗannan su dahu waɗancan sun ƙone. A wanke a ruwa ana sakewa har farin nan ya daina fita, domin sitacin da wuƙa ta fasa shi ke sa sanduna su manne da juna a mai. In da hali a bar su a ruwa rabin awa.

Matakin da yawancin gidaje ke tsallakewa shi ne tafasawa kafin suya, ga irin dankalinmu kuwa ban san wani mataki da ya fi shi amfani ba. A tafasa ruwa da gishiri, a zuba yankakken dankalin, a bar shi kamar minti bakwai zuwa goma gwargwadon kaurinsa, har ya yi laushin da tsinke zai shiga amma bai kai ga karyewa ba. Abu uku ke faruwa a tukunyar nan. Ruwan zafi yana wanke sukarin da ke bayan dankalin, ya ba shi damar daɗewa a mai ba tare da ya yi baƙi ba. Sitacin ya kumbura ya dahu. Bayan sandar kuma ya ɗan tsattsage, waɗannan ƙananan tsagogi su ne mai zai shiga ya mayar da su ɓawo. Gishirin ma a nan ya fi shiga jiki.

Mai saurin hannu za ta ce bari ta jefa 'yar kanwa abin ya yi sauri. Kada ta soma. Ƙwayoyin jikin dankali wani danƙo ne ke riƙe su a haɗe, masana na kiransa fektin. Kanwa narka shi take yi, shi ya sa take saurin nunar da wake. A sandar dankali kuwa sai dai a kwashe fate. Tsami akasin haka yake yi, yana ƙarfafa danƙon. Don haka idan an yi dace da dankali mai gari wanda ke neman wargajewa, a zuba binega cokali ɗaya babba a kowace lita ta ruwan tafasawa, ko a matse lemun tsami. Sandunan za su dahu suna tsaye, ɗanɗanon tsamin kuma ba ya kaiwa faranti. Mai danƙo bai cika buƙatar wannan ba.

Daga tukunya sai gwagwa, daga gwagwa sai a baje a babban tire, kowace sanda da wurinta, a bar tururin ya fice har bayansu ya bushe ya daina ƙyalli. A nan mutumin Zariya ya fi Bature sa'a. Shahararren kukun nan na Ingila, Heston Blumenthal, wanda ya fito da dabarar dafa dankali sau uku a shekarun 1990, sai da ya haɗa da firiza da na'urar zuƙe iska kafin ya sami bushewar da yake so. Mu daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu kyauta take yin wannan aiki: iskar da ke tsaga leɓe da diddige ba za ta gaza a kan yankakken dankali ba. A lulluɓe da mayafi mai shara-shara saboda ƙura, a ajiye inda iska ke kaɗawa, kafin a haɗa wuta ya bushe. A watan Agusta kuwa, lokacin da wanki ke kwana biyu a igiya, sai an haɗa da fanka ko a tsane da tsumma mai tsabta. A irin wannan lokaci ne hodar da yara ke zargi take da rana: ɗan barbaɗen garin sitacin masara a kan dankalin da ya tsane yana ƙara masa ɓawo, wasu kamfanonin ma suna yi. Sai dai yana ɓata mai da wuri, kuma ba ya gyara dankalin da aka jefa a kasko yana ɗigar ruwa.

Mai kuwa, muna zaune a gidansa. Tun 1922 ake binciken noma a Samaru, kafin a kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 cibiyar binciken ta koma ƙarƙashinta, kuma gyaɗa na cikin amfanin gonar da aka ɗora mata. Bayan annobar kuturtar gyaɗa ta 1975, wadda ta durƙusar da noman a Arewa, aka ƙara duƙufa wajen samar da iri masu jure cutar, cikin jerin da ake kira Samnut. Man gyaɗa yana cikin mafi dacewa da suya a duniya, yana ɗaukar zafi, ƙamshinsa kuma ba ya danne na dankali. Na masu ƙuli-ƙuli ya fi daɗi, amma yana da halinsa: ba a tace shi a inji ba, don haka yakan yi kumfa, yakan kuma yi hayaƙi da wuri. A bar shi ya kwanta, a tsiyaye na saman, a soya shi da albasa kamar yadda iyaye suka saba kafin a zuba komai. Man jarka da ake aunawa a kwalba, mafi yawansa tataccen man kwakwar manja ne ko na waken suya, shi ya sa wani ke daskarewa da sanyi. Yana suya lafiya lau. Manja ja ne dai ban ba da shawara ba, domin launinsa yana ɓoye na dankalin, ba a gane lokacin da ya yi. Wanda kuma ke da kitsen sa, ya narka ya tace ya haɗa kaɗan. Da shi mutanen Beljiyam suka saba suya, kamfanin McDonald's ma da kitsen shanu yake soya nasa har zuwa 1990, lokacin da ya koma man tsirrai.

Yanzu ga wuta. A tsaya a kalli mai ƙosai da yamma a bakin kasuwar Samaru, lokacin da ɗalibai suka yi mata layi tana soya doya da dankalin Hausa. Kaskonta babba ne, man ya yi zurfi, abin da take zubawa kuma bai taɓa rufe fuskar man ba. Tana zubawa za ta iza itace, idan ƙarar ta canza ta zare guda. Ba ta da ma'aunin zafi, amma abin da take yi lissafi ne tsantsa. Kafin ruwan da ya riga ya tafasa ya zama tururi, yana cin wuta fiye da ninki biyar na wadda aka ci wajen ɗauko shi daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa. Duk wannan zafi daga jikin mai ake zare shi. To a ce an ɗora ƙaramin kasko a risho, mai rabin kwalba, aka juye dankalin mutum takwas gaba ɗaya: man zai huce nan take, dankalin ya koma dahuwa a cikin ruwan kansa. Mai ya yi tsada, kowa ya sani, ba kowa ne zai iya cika kasko ba. Maganin sai a rage dankalin. A lita ɗaya ta mai, cikin hannu biyu ya isa zubi guda. Tukunya mai kauri, mai zurfi, ta fi faffaɗan kasko marar nauyi riƙe zafi da ɗan mai kaɗan.

Suyar kuma biyu ce. Ta farko a matsakaicin zafi, wajen digiri 150 zuwa 160 ga mai ma'auni. Marar ma'auni ya jefa sanda ɗaya: idan ta nutse ta taso a hankali da ƙananan kumfa, ya yi. A soya minti huɗu ko biyar, a kwashe tun yana fari, bayansa ya ɗan yi fata amma bai yi ja ba. Mutum zai ga kamar an ɓata, ba a ɓata ba. A sake bajewa a bar shi ya huce sarai, aƙalla rabin awa. A wannan hutu ruwan ciki yana tasowa ya tafi, sitacin waje ya ƙara ɗaurewa. Mai firiza, idan wuta ta yarda, ya daskarar da shi a haka. Ƙanƙarar da ke fitowa a ciki tana farfasa ƙwayoyin, sai cikin ya ƙara laushi, kuma zai yi makonni yana jira. Wannan shi ne ainihin abin da ke cikin ledojin daskararren dankalin da manyan gidajen abinci ke saye: a masana'anta an riga an tafasa, an busar, an yi suyar farko. Ma'aikacin da ke bayan kanta rabin aikin ƙarshe kawai yake yi.

Ta biyu a wuta mai ƙarfi, digiri 175 zuwa 180, inda sanda ke tasowa nan take da ƙara. Idan man ya fara hayaƙi an wuce, a sauke ya ɗan huce. Minti biyu zuwa uku sun isa. Kunne ya fi ido amfani a nan: da farko ƙarar tana da yawa, sai ta riƙa raguwa, idan aka motsa da matsami a ji sandunan suna bugun juna kamar busassu. A kwashe, a girgiza sosai a kan kaskon. Wannan girgizar ba ado ba ce. Mafi yawan man da dankali ke sha ba a cikin kasko yake shansa ba, domin a can tururin da ke fita yana tare masa hanya. Sai an tsame, ya fara hucewa, sannan ya zuƙe man da ke kwance a bayansa. A zuba a kwandon ƙarfe inda iska za ta ratsa ta ƙasa, a barbaɗa gishiri ko yajin ƙuli nan take, tun da sauran maiƙon da zai kama shi.

Faransa da Beljiyam sun daɗe suna jayayya a kan wanda ya fara wannan suya, har mutanen Beljiyam suka buɗe gidan tarihin soyayyen dankali a birnin Bruges a 2008. A kan suya biyu dai bakinsu ɗaya.

Akwai wata hanya ga wanda duk wannan ya yi masa tsawo, kuma abin mamaki ta fi dacewa da dankalinmu mai danƙo fiye da mai gari. A yanka, a wanke, a tsane sosai, a zuba a tukunya, a kwarara mai mai sanyi har ya rufe shi, sannan a kunna wuta. Man na ɗumama dankalin na dahuwa, daga baya zafin ya kai na suya; suya biyun sun haɗu a zubi ɗaya ke nan. Sharaɗin shi ne a kame hannu: minti goma sha biyar na farko kada a taɓa, domin a lokacin ya yi laushi, motsi kaɗan zai farfasa shi. Sai bayansa ya fara tauri a ɗaga na ƙasa a hankali. Cikin kamar minti ashirin da biyar an gama. Ba ya shan mai fiye da na ɗaya hanyar, ko da yake ido zai ce zai sha. Aibinta ɗaya, zubi guda ake yi. Mai baƙi goma ba za ta jira mai ya huce sau uku ba. A ganina ɓawonta bai kai na suya biyu daɗewa ba, amma ga ɗalibin da ke ɗaki ɗaya da ƙaramin gas, babu kamarta.

Kada mai ya wuce rabin tukunya, saboda yakan taso idan dankali ya shiga. Yara su yi nisa, hannun kasko ya kalli bango. Idan kuwa wuta ta kama man, Allah ya kiyaye, ruwa shi ne mafi munin abin da za a zuba, domin zai tarwatsa man mai ci ya watsa shi ko'ina. A kashe gas ko risho, a rufe da murfin ƙarfe, a bar shi. Man da aka yi suya da shi a tace idan ya huce, a rufe a ajiye inda babu rana. Ranar da ya yi duhu, ya yi kauri, ko ya riƙa kumfa tun ba a zuba komai ba, ya gama aiki.

Saura kula. Tarbiyyar gidajenmu ita ce abincin maigida da na baƙo a rufe shi, ya same shi da zafi, ga tuwo da shinkafa kuwa hakan daidai ne. Soyayyen dankali a rufaffiyar kula kuwa, tururin da aka sha wahala aka kora shi ne ke taruwa a murfi ya komo masa. Minti biyar sun isa su rushe aikin awa biyu. Leda ma haka. An fi ganin wannan da azumi, lokacin da dankali da ƙwai ke hawa kusan kowace tabarmar buɗa-baki: a soya tun bayan la'asar don a rage aiki, a rufe, a buɗe da magariba a tarar ya yi laƙwas. A nan ne suya biyu ke biyan wahalarta. A tafasa, a yi suyar farko da rana, a bar shi a tire. Idan ya rage minti goma a sha ruwa a ɗora mai, kafin a idar da salla yana kan faranti a buɗe. Ƙwai da miyarsa a kawo su a kwano daban, kowa ya haɗa a lomarsa. Na 'yan makaranta da za a rufe tun bakwai na safe kuwa, kada a wahalar da kai da suya biyu: a soya sau ɗaya, a kaɗa ƙwai da albasa da attaruhu a zuba a kai, tunda ko yaya aka soya shi, kafin a fita tara ya riga ya yi laushi.